Riƙon Hannu a Tianhe

Abin da na fara koya a Guangzhou shi ne gumi. Na ɗauka Bakano ya gama sanin zafi, sai na tarar da wani iri mai ɗanshi, wanda ko wanka ka yi, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, shi ya tarbe ni ya kai ni ofishinsa da ke benen Tianxiu a unguwar Xiaobei, inda yake yi wa 'yan kasuwar Kano lodin kaya zuwa gida. Ɗan ɗaki ne, rabinsa kwalaye, rabinsa Alhazai suna ihu a waya. Ko ruwa ban sha ba ya miƙo hannu.

"Kawo fasfo ɗinka."

Ya jefa shi a durowa, ya murɗa makulli, ya ba ni kwafi. "Ku yara zubar da shi kuke yi. In kana buƙata ka zo ka faɗa mini dalili."

Mutumin da ya yi mana takardu a Kano ya rantse wa Baba cewa jami'a zan shiga kai tsaye. Ƙarya yake, Allah ya saka mana. Makarantar share fage ce ta koyon Sinanci, a wani lungu na unguwar Tianhe bayan dogayen benayen gilashi. Azuzuwa a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Ɗaliban duk sa'o'ina ne, an kwaso mu daga ƙasashe daban-daban, kuma sai ka ci jarrabawar harshe a ƙarshen shekara sannan wata jami'a ta dube ka.

Ranar da na shiga ɗakin da aka ba ni, na tarar da wani dogon yaro yana soya albasa a 'yar tukunyar lantarki wadda aka hana amfani da ita. Na yi sallama. Ya amsa, sannan ya juyo da sauri.

"Kai, daga ina?"

"Daga Kano."

"Wayyo ni. Duk faɗin Chaina a rasa wanda za a haɗa ni ɗaki da shi sai Bakano? Ɓoye takalmana zan yi. Taho ka ci."

Habu ke nan, ɗan Damagaram. Tun daga ranar ba mu daina tsokanar juna ba, kuma ba mu rabu ba. Mahaifinsa yana sayar da kayan gyaran babur, bai taɓa son wannan tafiya ba. Mahaifiyarsa ce ta yi ta roƙo har ya yarda, amma da sharaɗi: duk ranar da wata magana marar daɗi ta iso kunnensa, Habu zai dawo ya zauna a shago. Shi kuwa likita yake son zama. Rubutun Sinanci da ni nake gani kamar kaza ta yi tono, shi sau ɗaya zai duba ya zana shi. Ya kan ce mini, "Nazifi, ni lakwal ta kawo ni, karatu na zo yi. In na koma shagon nan na mutu."

A gida idan aboki ya kama hannunka kuna tafe, ba ka ma sanin ya kama. Haka na taso ina ganin Baba da aminansa daga masallaci zuwa bakin kasuwa, yatsu a sarƙe, suna musun siyasa. To mu ma haka muke yawo, balle a tashar jirgin ƙasa ta Tianhe inda jama'a za ta iya raba ka da inuwarka. Mutane suna kallonmu, amma ai kullum kallonmu ake yi. Yara su nuna mu da yatsa, tsofaffi su matsa gefe a cikin jirgi. Mun ɗauka duk na baƙar fata ne.

Wata rana malamarmu, Malama Lin, tana koya mana kalmomin iyali da aure. Mace ce mai haƙuri, gajeruwa, ba ta son rigima ko kaɗan. Ta ce kowa ya haɗa jimla a kan aure a ƙasarsu. Sai wani siririn yaro ɗan Thailand, ana ce masa Ton, wanda ba ya yawan magana, ya ce a ƙasarsu yanzu namiji yana iya auren namiji.

Aji ya kaure. Malama Lin ta so ta wuce, amma ina. Marta, wata 'yar Sifen mai surutu kamar rediyo, ta ce su tun kafin a haife ta ake yi, gwaggonta ma mace ta aura, kuma sun fi iyayenta zaman lafiya. Wata 'yar Koriya ta ce ita ba ruwanta, amma da ƙanenta ne da ba za ta faɗa wa babansu ba. Akwai wasu samari majiya ƙarfi da ke zama a bayan aji. Ba zan faɗi ƙasarsu ba, don na san akwai mutanen kirki a can. Ɗayansu ya dunƙule hannu ya nuna, sauran suka yi dariya. Mubarak, Bakano ɗan'uwana wanda ya girme mu kuma shi ne shugaban 'yan Hausawan makarantar, ya ce a wajenmu wanda ya gwada sai dai uwarsa ta haifi wani. Ita kanta Malama Lin cewa ta yi a nan babu wannan doka, matasa da yawa ba su damu ba, iyaye ne ke son jika.

Da aka zo kaina, ina da magana cike da ciki. Ina so in ce addinina ya haramta, kuma ni a kan haka nake. Amma Sinancina bai kai can ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ba a yi." Na faɗa ina kallon ƙasa saboda kunyar rashin iya harshe. Habu kuwa kafaɗa ya ɗaga ya ce shi karatu ya zo yi.

Ashe Marta ta fassara kallon ƙasan nan yadda ta ga dama. Ta daɗe tana ganinmu riƙe da hannu, sai ta yanke cewa tsoron Mubarak ne ya sa na ce ba a yi. Bayan 'yan kwanaki ta ɗauke mu hoto ta baya a bakin tasha, hannuna cikin na Habu, ta saka a zauren ajinmu na waya, ta jera zane-zanen zuciya a ƙasa, ta rubuta wai muna tare da ku, jarumai.

Muna cin taliya a shagon Musulmin Chaina da ke kusa da makaranta Habu ya gani. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Dubi wannan mahaukaciya! Ni da Bakano? Ko mace ce kai ai na hi ƙarhinka."

Ni ma na yi dariya. Na rubuta cewa al'adarmu ce, abota ce kawai. Marta ta amsa wai ba sai mun ɓoye ba. Na sake bayani, ta sake turo zuciya. Duk abin da na faɗa sai ya zama shaida a kaina. Na same ta a aji na ce ta goge, ta goge tana ba ni haƙuri da idon tausayi, wanda ya fi zagi ƙona mini rai. Amma hoton ya riga ya shiga wayoyin mutane.

Da farko takalmanmu aka jefa ta taga. Sai aka tsiyaya ruwan wanke-wanke a katifar Habu. Sai aka fara rubuta wata kalma a ƙofarmu, mu goge, a sake rubutawa. Makarantar cike take da kyamarori, a aji, a baranda, a bakin ƙofa, har Malama Lin ta kan yi alfahari da cewa ko alƙalami ba ya ɓata. Amma akwai lungun matattakalar baya, wadda ke kaiwa banɗakin wanka da wajen shanya, babu kyamara a wurin. Samarin nan na bayan aji sun san haka. A nan suke tsayawa, su tare hanya, su bangaje ka, ɗaya ya kama kunnenka yana magana da muryar mata. Na kai ga ina riƙe fitsari tun safe har a tashi daga aji.

Na tafi wajen Mubarak, don shi ya san gaskiya. Shi da kansa ya sha kama hannuna muna dawowa daga masallacin Juma'a.

"Yaya Mubarak, ka yi musu bayani mana. Kai za su ji maganarka."

Ya duba hagu da dama kafin ya amsa. "Na san ba haka ba ne, Nazifi. Wallahi na sani. Amma magana ta riga ta fita. In na tsaya muku, gobe a ce da ni a ciki."

"To mu yi yaya?"

"Ku ɗan ja baya tukuna, har ta lafa."

Ja da bayan shi ne, aka daina kiranmu cin abinci. A ɗakin Mubarak muke jam'in salla, kuma ni ake turawa gaba saboda na ɗan fi su karatu. Wata rana na shiga na tarar an riga an tayar da salla, wani yana limanci, kuma da na shiga sahu na kusa da ni ya janye ƙafarsa. Wannan ya fi mini duk abin da aka yi a matattakala ciwo. Na idar da salla na fito, na zauna a gadona na yi kuka kamar ƙaramin yaro, ina kewar Umma.

Malama Lin ta lura da kumburin da bangazar matattakala ta bar mini a goshi. Ta kira ni ofis, ta ba ni ruwan zafi a kofi, don su komai ya same ka ruwan zafi ne maganinsa. Ta ce in na faɗi sunaye za a hukunta su. Amma tun da ban kai sha takwas ba, dole a kira wakilin iyayena a faɗa masa abin da ya faru da dalilinsa, haka shi ma Habu. Na tuno sharaɗin mahaifin Habu. Na ce mata babu komai, santsi ne ya kayar da ni. Ta dube ni, na dube ta, duk mun san ƙarya nake.

Na rasa inda zan sa kaina. Idan na kai ƙara, Habu ya tafi. Idan na yi shiru, ana ci gaba da cin zalinmu. Ba zan iya gudu ba, fasfo yana durowar Kawu. Ba zan iya faɗa wa gida ba, don da wane baki zan fara? Duk lokacin da Umma ta kira sai in ce lafiya lau, sai dai zafi. Ni da Habu muka daina fita tare. In ya bi ta gaba, in bi ta baya. A ɗaki ma tsokanar ta mutu.

Wata rana da tsakar rana, kowa yana wajen cin abinci, na lallaɓa in shanya kayana, sai na tarar da Ton a wajen shanya. Tun ranar muhawarar nan nake kauce masa, ko gaisuwarsa ba na amsawa sosai. Na juya zan koma, ya ce da gurgun Sinancinsa irin nawa:

"Yanzu ne lokaci mai kyau. Suna cin abinci."

Na tsaya.

"Wanka ma yanzu za ka riƙa yi. Kuma kada ka bi matattakalar baya, ka zagaya ta gaban ofis, ko da ya fi nisa. Idan sun biyo ka, ka tsaya ƙarƙashin kyamara ka yi kamar kana waya."

"Ni ba haka nake ba," na ce masa da zafi.

"Na sani." Ya ci gaba da matse rigarsa. "Kana riƙe shi kamar za ka tsallakar da kakarka titi. Marta ce ba ta da ido."

Dariya ta kuɓuce mini, rabona da ita har na manta. Na tambaye shi ina ya koyi duk wannan dabara. Ya ce tun yana ɗan shekara sha biyu haka yake rayuwa a makaranta. Na ce ai ka ce a ƙasarku har aure ake yi. Ya ce e, ana yi a ofishin gwamnati, amma 'yan ajinsu ba su fasa jiransa a banɗaki ba. Ya ɗaga riga ya nuna mini wani tsohon tabo a haƙarƙarinsa. Sannan ya ce tun da samarin matattakala suka koma kanmu shi ya samu sauƙi, kuma yana jin kunyar daɗin da ya ji.

Na ce masa, "Ni fa ra'ayina yana nan. Addinina ya hana."

Ya ce, "Ban tambaye ka ba. Miƙo mini abin maƙale kayan nan."

Har yau ra'ayina bai canza ba. Amma na san yadda mara take yi idan ka riƙe fitsari wuni guda saboda tsoro, kuma ba na yi wa ɗan kowa fatan haka, ko wane ne shi.

Na koya wa Habu dabarun Ton. Ya saurara, ya ce, "Ni ɗan Damagaram in zagaya gida don tsoron wasu ƙatti? Mi na yi musu?" Ya bi shawarar na ɗan lokaci, sannan zuciya ta ci shi. Wata safiya ya makara, ya bi ta baya. Ɗayansu ya shafa masa fuska, shi kuwa ya kwaɗa masa mari. Suka taru a kansa, suka turo shi daga saman matattakala. Ton ne ya ruga ya kira Malama Lin. Da na iso na tarar da shi a zaune a ƙasa, leɓe a fashe, hannunsa na dama ya juya ta inda hannu ba ya juyawa. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Kada a kira kowa."

Amma karaya ba ta ɓoyuwa. Makaranta ta kori biyu daga cikin samarin, ta sa kyamara a lungun, ta kira wakilanmu. Wakilin Habu wani ɗan garinsu ne mai sarin tufafi a kasuwar Shahe, kuma kafin la'asar ya tura wa mahaifin Habu hoton da labarin.

Ni kuma Kawu ya ce in same shi a Tianxiu. Ya sallami mutanen ofis, ya rufe ƙofa. Ya daɗe yana kallon hoton a wayarsa, sai ya yi tsaki.

"Wannan ne abin? Ni da mahaifinka haka muke zagaye Kantin Kwari kafin a haife ka."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Sai ya ɗago.

"Amma tun da ka zo garin nan, ka taɓa ganin na riƙe hannun wani?"

Na yi tunani. Ban taɓa gani ba. Duk Alhazan Xiaobei, hannu a aljihu suke tafiya ko a riƙe da waya.

"Mun daina tuntuni. Kowa ya sani."

"Kawu, ni ba wanda ya faɗa mini."

Na durƙusa na roƙe shi ya kira mahaifin Habu ya yi masa bayani, babba da babba. Ga mamakina ya kira, ya buɗe murya ina ji. Ya yi magana mai kyau, ya rantse, ya ce yaron nan haziƙi ne, kada a yanke masa karatu a kan shirmen wata Baturiya. Dattijon ya saurara har ƙarshe.

"Alhaji, na yarda da kai. Na san ɗana. Amma hoton ya zagaye unguwa, har wajen surukan yayarshi ya kai. In na bar shi can, cewa za a yi na ɗaure mishi gindi. Shi taho gida mutane su gan shi."

Kawu ya ajiye waya. Ya ce ni zan ci gaba da karatu, amma ba ni ba yaron nan, ko rakiya kada in yi masa. Na ce to. Wannan karon kam ban bi maganarsa ba.

Ranar tafiyarsa na ɗaukar masa jaka har bakin tashar jirgin ƙasa, daidai inda aka ɗauke mu hoton. Hannunsa na dama yana rataye a wuya cikin filasta. Ya bar mini littattafansa da 'yar tukunyar lantarki. Jama'a suna ta wucewa, muna tsaye da tazara a tsakaninmu kamar waɗanda ba su san juna ba. Hannunsa mai lafiya yana aljihu, nawa ma duka biyun suna aljihu.

"Ka ci jarrabawar nan," in ji shi. "In ka faɗi, cewa zan yi dama Bakano sai kasuwa."

Na gyaɗa kai. Ya karɓi jakarsa ya gangara, ina hango kansa sama da na kowa har ya shige.

Na ci jarrabawar, da littattafan Habu na ci ta. Mubarak ya dawo yana ce mini in ja salla, na ce ya ja kawai. Muna waya da Habu jefi-jefi. Yana shago, in muna magana ina jin ana tambayarsa kuɗin sarƙar babur, kuma bai taɓa tambayata labarin makaranta ba.

Sai da na shiga jami'a Kawu ya buɗe durowa ya ba ni fasfo na je hutu gida. Juma'ar farko muka fito da Baba za mu masallaci. Yana ta murna, yana nuna ni ga duk wanda muka haɗu da shi, ga ɗan Chaina ya dawo. Muna shan kwanar layinmu ya kama hannuna, ya sarƙe yatsunsa cikin nawa yadda ya saba tun ina yaro.

Ban san lokacin da na fizge ba. Har na waiwaya ina duba ko wani ya gani.

Baba ya tsaya. "Lafiya? Ciwo ka ji a hannun?"

"A'a, Baba."

Ya dube ni. Ya mayar da hannayensa baya ya haɗe su, muka ci gaba da tafiya, yana gaba ina biye da shi har masallaci.